Darasi: Sharar Lantarki, Gyara da Tattalin Arzikin Zagaye

Da wuya a shiga gida a Kano, Maraɗi ko Zangon Kumasi ba a tarar da wata na'ura da ta daina aiki ba. Ko waya mai fasasshen gilashi a cikin durowa, ko cocila 'yar caji da batirinta ya kumbura, ko rediyon da maigida yake ta cewa za a kai gyara tun bara, ko tsohon talabijin mai ƙeya da ya koma wurin ɗora kwanuka. Duk abin da ke aiki da wuta ko da batir, ranar da mai shi ya haƙura da shi ya yar, ya shiga sahun abin da ake kira sharar lantarki. Ma'anar ta fi waya da kwamfuta faɗi. Firji, fanka, dutsen guga, caja, ƙwan fitila, faifan sola, inbata, har motar wasan yara mai batir, duk suna ciki.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, ITU da UNITAR, suka fitar a 2024 ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara a shekarar 2022, wato ƙarin kashi 82 cikin 100 a kan na 2010, kuma ana sa ran za ta kai tan miliyan 82 a 2030. Idan aka raba wa kowa, mutumin Turai yana zubar da kilo 17.6 a shekara, mutumin Afirka kilo 2.5. Kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar a rubuce cewa an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A Afirka adadin bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Wannan adadi na ƙarshe yana bukatar a karanta shi da hankali. Ba yana nufin kayan suna jibge ne babu mai taɓa su ba. Duk wanda ya san Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ya san ƙarfe ba ya kwana a bola. Ana tattarawa sosai, sai dai ba a rubutawa, kuma hanyar da ake bi a ciro dukiyar ita ce matsalar.

Dukiya da guba a jiki ɗaya

Na'urar lantarki tarin ma'adinai ce da aka haƙo daga nesa. Wayoyin wuta na jan ƙarfe ne. Fanel ɗin da ke cikin waya ko kwamfuta yana ɗauke da ɗan zinari da azurfa da kuza, domin zinari ba ya tsatsa kuma wuta tana ratsa shi da kyau. Batirin waya yana da litiyam da kobalt, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin da duniya ke haƙa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa. Rahoton 2024 ya ƙiyasta cewa ƙarafan da ke cikin sharar 2022 sun kai darajar dala biliyan 91. Shi ya sa masana suke maganar haƙar ma'adinai a birni, wato ciro ƙarafa daga tsofaffin kaya maimakon daga rami.

Japan ta nuna hakan a zahiri. Kafin gasar Olamfik ta Tokyo 2020, an tara kusan tan dubu 79 na ƙananan na'urori da wayoyi sama da miliyan 6 daga hannun jama'a, aka ciro zinari kimanin kilo 32, azurfa kilo 3,500 da tagulla kilo 2,200, aka ƙera lambobin yabo kusan 5,000 da su. Akwai darasi biyu a nan. Zinarin gaskiya ne, amma dubi tulin kayan da aka narkar kafin a samu kilo 32. Abin da ke cikin waya ɗaya bai kai kwatar giram ba, ko kusa.

A gefe guda kuma akwai guba. Gilashin tsohon talabijin mai ƙeya cike yake da dalma, haka batirin mota da na sola mai ruwa. Dogon ƙwan fitila da wasu tsofaffin sikirin na kwamfuta suna da zaiba. Tsohon firji yana da iskar gas da ke lalata rufin ozon idan aka huda bututunsa. Robar da ke lulluɓe da wayar wuta, idan aka ƙona ta, tana fitar da dayoksin, sinadarin da ke taruwa a kitsen jiki yana daɗewa. Batirin litiyam kuwa, idan aka huda shi ko aka danne shi, yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa.

Mutanen Arewa ba sa bukatar dogon bayani kan dalma. A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, yara aƙalla 400 suka rasu bayan an riƙa niƙa duwatsun zinari masu dalma a cikin gidaje. Waccan dalmar daga dutse ta fito, amma dalmar da ke cikin batir ita ce dai, kuma aikinta a jikin yaro ɗaya ne: tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, ta kawo farfaɗiya idan ta yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa.

Miƙaƙƙen layi da zagaye

Yawancin masana'antu suna tafiya ne a kan abin da ake kira miƙaƙƙen layi: a haƙo, a ƙera, a sayar, a yi amfani, a yar. Layin yana farawa daga rami ya ƙare a juji. Tattalin arzikin zagaye yana neman lanƙwasa wannan layi, ta yadda kaya zai daɗe a hannun mutane, kuma ƙarshen abu ɗaya ya zama farkon wani. Masanin gine-gine ɗan Suwizalan Walter Stahel ya yi rubutu a kan haka tun shekarun 1970, sannan Gidauniyar Ellen MacArthur da aka kafa a Birtaniya a 2010 ta yaɗa shi ga kamfanoni da gwamnatoci.

Manomin karkarar Kano zai gane tsarin ba tare da an yi masa zane ba. Shekara da shekaru jakuna suna shiga birni da itace da amfanin gona, su fito da toka da shara da kashin dabbobi, a zuba a gona a matsayin taki. Da haka ƙasar da ke kewaye da birnin ta ci gaba da bayar da hatsi kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Bambancin shi ne ƙasa tana cinye taki da kanta, amma ba ta cinye fanel ko batir. Dole mutane su tsara wa waɗannan hanyar komawa.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan darasi shi ne cewa hanyoyin komawar ba darajarsu ɗaya ba. Mafi kusa ita ce kula da kaya domin ya daɗe, kamar sa wa waya riga da gilashin kariya, ko haɗa firji da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta. Daga nan sai gyara. Sai sayar wa wani ko ba wa ƙane. Sai sabuntawa, inda ake canza sassan da suka gaji a sake sayarwa. Sai cire sassa masu kyau daga mataccen kaya a raya wani da su. Narkarwa, wadda aka fi sani da sake sarrafawa, ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi hasara.

Dalili a fili yake. Wayar da ake saya da albashin wata guda, idan aka farfasa ta aka auna ƙarafanta, kuɗin ba zai kai na cajarta ba. Darajar waya tana cikin aikin da aka yi kafin ƙarafan su zama waya: haƙa, tacewa, ƙera ƙananan sassa, haɗawa, jigila. Haka kuma mafi yawan hayaƙin da ke ɗumama duniya wanda ake lissafa wa wayar zamani, kusan kashi 4 cikin 5, a wurin ƙera ta yake fita, ba a wurin caji ba. Wanda ya ƙara shekara 2 yana riƙe da wayarsa ya adana duk wannan aiki. Wanda ya narkar da ita ya ceto ƙarfe kawai.

Mai gyara

Idan haka ne, mutumin da ya fi kowa muhimmanci a zagayen shi ne wanda ke zaune gaban ƙaramin tebur a Farm Centre ko Titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, da ƙarfen soda da mita da burushi da tulin matattun wayoyi a gefe. Mutum zai zo yana cewa wayarsa ta mutu. Mai gyara zai buɗe, ya gwada, ya ce, “Alhaji, ba ta mutu ba, wajen caji ne ya lalace.” Sau da yawa abin bai wuce batir, ko sikirin, ko bakin caji, ko datti da danshi ba. Idan kuma fanel ne ya ƙone, wayar takan koma cikin wancan tuli na gefe, inda za a riƙa cirar lasifikarta da kyamararta da ƙananan sassanta ɗaya bayan ɗaya.

Wannan sana'a ta koyo ce, daga oga zuwa yaron shago, kamar ɗinki da kanikanci, kuma yanzu bidiyon YouTube ya zama ogan na biyu. Ba ta rasa aibu. Akwai mai sa jabun sikirin ya karɓi kuɗin na asali, akwai mai leƙa hotunan mutane, akwai kuma wayoyin sata da ke ɓacewa cikin kasuwar sassa. Duk da haka, abin da Turai take ƙoƙarin farfaɗowa da doka da tallafi, a nan sana'a ce mai ciyar da dubban gidaje. A Amsterdam sai da wata 'yar jarida, Martine Postma, ta shirya taron sa-kai a 2009 inda maƙwabta ke haɗuwa su gyara kayansu, domin kuɗin mai gyara a can yakan kusa kuɗin sabon kaya. Daga wannan taro ne wuraren da ake kira Repair Café suka bazu zuwa ƙasashe da dama.

Sai dai aikin mai gyara yana ƙara wuya, kuma ba haka kawai ba. Akwai abin da ake kira tsufan gangan, wato a ƙera kaya ta yadda ba zai daɗe ba. Tsohon misali shi ne na 1924, lokacin da manyan kamfanonin ƙwan fitila, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Janiba suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya zarce. Na zamani ya fi dabara. Ana manne batir da gam. Ana amfani da sukurori da ba a samun sukudirebansu a kasuwa. Ana ɗaure sassa da lambar waya ta yadda ko an sa sikirin na asali daga wata wayar, na'urar za ta riƙa gargaɗi ko ta kashe wani aiki. Wani lokacin ma jikin na'urar lafiya lau, manhaja ce ta gudu ta bar ta. Duk wanda WhatsApp ya daina buɗewa a tsohuwar wayarsa ya ɗanɗana wannan, kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, alhali miliyoyin kwamfutoci masu aiki ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. A 2020 Faransa ta ci Apple tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da mutane cewa sabunta manhaja na iya rage saurin tsofaffin iPhone ba.

Martanin wannan shi ne fafutukar 'yancin gyara: wanda ya sayi kaya da kuɗinsa yana da haƙƙin samun sassa da bayanin gyara, ya kuma kai wa wanda ya ga dama. Tun Janairun 2021 Faransa ta tilasta a rubuta makin sauƙin gyara, daga 0 zuwa 10, a jikin wasu kaya a shago. Tarayyar Turai ta zartar da dokar 'yancin gyara a 2024, kuma daga ƙarshen Disambar 2024 dole sababbin wayoyi su zo da bakin caji iri ɗaya, USB-C, domin cajojin da ake zubarwa a can sun kai tan 11,000 a shekara. Dokokin na Turai ne, amma kamfani ba ya son ƙera waya iri biyu, don haka sauƙin yakan iso har teburin Farm Centre.

Na hannu ko kwandem

Yawancin mutanen Afirka ta Yamma da kayan hannu suka fara mallakar kwamfuta da firji da talabijin. Kasuwar Alaba a Legas ta girma a kan wannan. Sayen na hannu zagaye ne mai kyau, domin kayan da Bature ya gaji da su suna ƙara shekaru suna aiki. Matsalar tana farawa ne idan aka cusa matattun kaya cikin masu rai, aka rubuta wa kwantenar duka “kayan hannu”. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu suna shigowa a shekara, aƙalla tan 15,400 ba sa aiki. Kusan kashi 77 cikin 100 daga Tarayyar Turai suka taso, kuma mafi yawa a cikin motocin tokumbo aka cusa su, inda bincike bai cika kaiwa ba.

Najeriya tana da tarihi da irin wannan ciniki. A 1988 aka gano dubban gangunan gubar masana'antu daga Italiya jibge a wani fili a garin Koko, a Jihar Delta ta yanzu, ana biyan mai filin dala 100 a wata. Gwamnati ta janye jakadanta daga Rum, aka tilasta kwashe gangunan, aka kuma kafa dokar hana shigo da shara mai guba a shekarar. Irin wannan badaƙala ce ta ingiza Yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta ce ba a kai wa ƙasa shara mai haɗari sai da saninta da yardarta. Ƙasashen Afirka suka ga bai isa ba, suka yi tasu a Bamako a 1991 wadda ta hana shigowar gaba ɗaya. Daga 1 ga Janairun 2025 sharaɗin neman izini na Basel ya haɗa da kowace irin sharar lantarki. Amurka har yanzu ba ta cikin ƙasashen da suka tabbatar da Basel.

Ɗora laifin duka a kan baƙi yana da daɗi, amma bai cika gaskiya ba. Wani bincike a ƙarƙashin sakatariyar Basel a ƙasashe 5 na Afirka ta Yamma, ciki har da Najeriya da Gana, ya nuna mafi yawan sharar daga kayan da aka yi amfani da su a cikin gida take fitowa. Cocila mai araha da ba ta kai wata 3, caja ta jabu, da batiran sola da ke ƙaruwa a kowace unguwa, duk namu ne.

Inda zagayen ya tsinke

Idan kaya ya wuce gyara, ɗan gwangwan ne ke karɓarsa. Yana zagaya unguwa da kura da sikeli, ya saya, ya kai wa dila. A can ake farfasawa. Ƙarfe ya tafi kamfanin narka rodi, goran ruwa ya tafi wurin masu zuba tukwane, fanel kuma a tara shi a buhu, domin masu ciro zinari da kyau manyan masana'antu ne kaɗan a duniya, irin ta Umicore a kusa da Antwerp ta Beljiyam. Har zuwa nan tsarin yana aiki fiye da na birane da yawa masu motocin kwasar shara.

Ɓarnar tana cikin abin da ba shi da mai saye, da kuma gajeriyar hanya. Ana ƙona wayoyin wuta da tsohuwar taya domin robar ta narke a ɗauki jan ƙarfe. Ana fasa batir da adda, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka dalmar a buɗaɗɗen wuri. Gilashin talabijin da robar jiki da soson firji kuma a bar su a kwata. Agbogbloshie a Akara ya yi suna da wannan hayaƙi, inda matasa, yawancinsu daga arewacin Gana, suka riƙa ƙona wayoyin wuta a bakin Kogin Odaw. Gwajin da ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network suka wallafa a 2019 ya nuna cewa wanda ya ci ƙwai ɗaya na kajin da ke kiwo a wurin ya sha dayoksin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a rana. A Yulin 2021 hukumomi suka rushe filin. Sana'ar ba ta mutu ba, ta warwatsu ne zuwa lunguna da bayan gidaje, kusa da inda yara ke wasa.

Rusau da kora ba sa canza lissafin da ke sa yaro ya kunna wuta. Yana ƙonawa ne saboda ya fi sauri, kuma babu mai biyansa ladan feɗe waya ko ajiye gilashi mai dalma. Injin feɗe waya yana ba da jan ƙarfe mai tsabta wanda ya fi ƙonanne tsada, amma injin yana bukatar jari da wuta, kuma siraran wayoyi suna cin lokaci.

Nan ne maganar alhakin mai ƙera kaya take shigowa. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ƙa'idar ita ce kamfanin da ya ƙera ko ya shigo da kaya ya ci riba, shi zai biya kuɗin tattara su da sarrafa su idan sun mutu, musamman ɓangaren da ba ya kawo kuɗi. Najeriya ta sa wannan a dokokin hukumar NESREA na 2011, waɗanda aka sabunta a 2022, kuma a 2018 aka kafa ƙungiyar EPRON domin ta karɓi kuɗin daga kamfanoni ta biya masu tattarawa da masu sarrafawa. Aikin ya fi ƙarfi a Legas. Ma'aunin nasararsa a Arewa shi ne ranar da ɗan gwangwan zai samu wurin da zai kai waya da robarta da batir da ruwansa, a biya shi fiye da abin da wuta da adda za su ba shi.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu gida biyu. Kashi na farko su ziyarci mai gyaran waya ko rediyo, su tambaye shi lalacewar da aka fi kawo masa, kayan da ya daina karɓa da dalili, da inda yake kai matattun batira. Kashi na biyu su je wurin dilan gwangwan, su rubuta farashin kilon jan ƙarfe ƙonanne da wanda aka feɗe, su kuma tambayi abin da ake yi da robobi da gilashin da ba a saye. A zama na gaba kowane kashi ya zana hanyar da na'ura ɗaya take bi daga shago zuwa ƙarshenta, ya nuna wanda ke samun kuɗi a kowane mataki da wanda ke shaƙar hayaƙi.